Wanda ya faɗi bayan baftisma, alherin Allah ya ƙare masa ne?

Malam Ishaku, Katsina:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina da tambaya, ina kuma roƙon iyayenmu da ke cikin wannan zaure kada su yi shiru.

In wanda bai taɓa sanin Ubangiji ba ya zo ya tuba, ko mashayi ne ko ɓarawo, murna muke yi. A buga ganga, mata su yi guɗa, a ba shi dama ya ba da shaida, kuma yawan munin tarihinsa yawan tafin da zai samu. Amma in namu ne, wanda aka yi wa baftisma a gaban idonmu, yana cikin mawaƙa ko zumuntar matasa, ya yi tuntuɓe, sai labari ya sha bamban. A sa shi horo, wannan ban ƙi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayan horon. A baki an ce an maido shi, a zuciya ba a maido shi ba. Ba a ƙara ba shi karatun Littafi a sujada, in ya je neman aure a raɗa wa iyayen yarinya cewa ai kun san halinsa, shekara da shekaru sunansa na nan "wanda ya yi kaza".

A makarantar Lahadi ina koya wa yara Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta wurin ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. To alherin nan na bakin ƙofa ne kawai? In mutum ya shigo ciki sai ya koma rayuwa da ƙarfin kansa? Ni dai na gaskata alherin da ya karɓe mu ranar farko shi ne yake riƙe da mu yau, kuma mai bin da ya faɗi ya fi kowa bukatarsa. Mene ne ra'ayinku?

Baba Dattijo, Kafur:
Ishaku ɗana, sannu da ƙoƙari. Amma ku yaran yanzu kuna maganar alheri kamar ba a biya shi da jini ba. Horo ba mu muka ƙago shi ba. Ka buɗe 1 Korintiyawa 5, Bulus da kansa ya ce a fitar da mutumin nan da ya yi fasikanci daga cikinsu, ya ce ɗan yisti kaɗan yana game dukan curin. Kuma ka tuna inda muke zaune. Mu nan ƙasar Katsina 'yan kaɗan ne, idon kowa na kanmu. In ɗan masu bi ɗaya ya yi abin kunya a kasuwa, ba sunanshi za a kira ba, cewa za a yi ga halin Kirista nan. Iyayenmu da suka bar giya da bori suka bi Yesu, dangi sun juya masu baya, wasu an hana su gona. Ba su sha wannan wuya don jikokinsu su mai da majami'a wurin wasa ba. Romawa 6 ta riga ta ba ka amsa: mu ci gaba da zunubi don alheri shi yawaita? Ko kaɗan.

Malam Ishaku, Katsina:
Ranka ya daɗe Baba, na ji, kuma ban ce a daina horo ba. Tambayata ita ce ranar da horon ya ƙare, ya ƙare ɗin da gaske?

Saratu, Daura:
Baba, ka yi mini haƙuri in yi magana a gaban manya. In horo na Littafi ne, me ya sa kusan kullum yarinya ce ke zama a bencin baya, inda ake zaunar da masu horo? Cikin shege mutum ɗaya ke yin sa? Ita nata ya fito fili, ba ta da inda za ta ɓoye. Shi kuwa sai ya tattara ya tafi Kano ko Kaduna neman kuɗi, bayan shekara ya dawo da sabon babur a yi masa maraba. Ko a Yohanna 8 haka aka yi, aka jawo matar ita kaɗai gaban Yesu alhali an ce a cikin aikin aka kama ta. Ina namijin? Yesu bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya ce ta tafi kada ta ƙara. Amma sai da ya kori masu duwatsu tukuna.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mai ba da zakka mai kauri da wanda ya sayi kwanon rufin majami'a ba a cika kiran sunansu a gaban jama'a ba.

Ayuba, Funtua:
Saratu ta faɗi abin da kowa ya sani yake tsoron faɗa.

Maman Rifkatu, Malumfashi:
Ni ba malama ba ce, amma bari in ba ku abin da na gani da idona. Ba zan faɗi ƙauyen ba, ba zan faɗi ikkilisiyar ba.

Wata 'yar'uwa ce a zumuntar mata, mai ƙwazo, ita ce kullum ta farko wajen share majami'a. Ɗanta ya kama zazzaɓi mai tsanani cikin dare har yana jijjiga. Asibiti na da nisa, kuma kun san halin hanyoyinmu yanzu, ba mai babur da zai yarda ya fita da dare saboda 'yan bindiga. Uwar mijinta, wadda ba mai bi ba ce, ta saɓi yaron ta nufi gidan boka. Ita kuma ta bi ta a baya tana kuka. Aka yi turare, aka yi surkulle, aka ɗaura masa laya. Kafin gari ya waye yaron ya rasu.

Ba a yi sati biyu ba aka sanar a majami'a cewa an sa ta horo don ta je wurin boka. Ban ce zuwa wurin boka daidai ne ba, Allah ya sani ban ce ba. Amma matar nan tana cikin makoki. Mata suka riƙa tambayar juna ko ya halatta a je gaisuwa da kayan zumunta, tunda tana ƙarƙashin horo. Wasu suka je a ɓoye, wasu ba su je ba sam. Maƙwabtanta Musulmi da dangin mijinta su ne suka cika gidan, su suka ɗebo mata ruwa, su suka yi mata tuwo. Yau ta daina zuwa sujada gaba ɗaya. Da na same ta, abin da ta ce mini shi ne ita ta san Allah ya riga ya yi fushi da ita, shi ya sa ya ɗauke yaron, to zuwa majami'a na mene ne.

Wannan maganar ta hana ni barci. Wa ya koya mata haka? Ba boka ba ne, mu ne. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Baba Dattijo, Kafur:
Maman Rifkatu, wannan ba horo ba ne, rashin hankali ne. Allah shi ji ƙan yaron. Ko ni da nake da tsauri ba zan sa hannu a irin wannan ba. Ana jira hawaye su bushe kafin a yi wa mutum faɗa. Amma kuskuren wasu dattawa ba ya soke umarnin Allah.

Yohanna, ɗalibin makarantar Littafi:
Iyayena, wannan gardamar ta girmi kakanninmu, kuma a nan nahiyarmu aka fi yin ta. A shekara ta 250 Sarkin Rum mai suna Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka a ba shi takardar shaida. Masu bi da yawa suka ji tsoro suka yi, wasu kuma suka sayi takardar da kuɗi ba tare da sun yi hadayar ba. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka a ƙofar ikkilisiya. Wani malami a Rum, Nobatiyan, ya ce sam ba za a karɓe su ba, ikkilisiya ta tsarkaka ce. Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara shugabanni a 251 suka yanke cewa za a karɓe su bayan lokacin tuba, kowa gwargwadon nauyin abin da ya yi. Ku lura, laifin nan ba giya ba ne, musun Almasihu ne a bainar jama'a. Duk da haka ikkilisiya ta ce akwai hanyar dawowa, kuma Nobatiyan ne ya ƙare a ware, ba waɗanda suka faɗi ba.

Bayan tsananin da aka fara a 303 maganar ta sake tashi a Afirka ta Arewa, wasu suka ce limamin da ya taɓa miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma baftismar da ya yi wa mutane ma ba ta karɓu ba. Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya tsaya ya ce mai baftismar na ainihi Almasihu ne, ba tsarkin limami ke ba ta ƙarfi ba.

Shi ya sa nake son abin da Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya koyar, cewa mai bi a lokaci guda barataccen mutum ne a gaban Allah saboda Almasihu, kuma har yanzu mai zunubi ne a cikin kansa.

Baba Dattijo, Kafur:
Yohanna, ka ce bayan lokacin tuba. To ai shi ne horo. Ka kawo mini shaida da hannunka.

Yohanna, ɗalibin makarantar Littafi:
Haka ne Baba. Sai dai nasu yana da ƙarshe, in ya ƙare bishop ya ɗora wa mutum hannu a gaban kowa ya koma cin jibin Ubangiji. Ƙarshen nan ne Malam Ishaku yake nema a wurinmu.

Katikis Bulus, Malumfashi:
Bari in sa baki daga ɓangarenmu na Katolika, ba don in ce namu ya fi ba. Mu mutum yakan je wurin Fada shi kaɗai ya furta zunubinsa, a ba shi aikin tuba, a furta masa gafara cikin sunan Allah. Fada ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji, ko da za a kashe shi. Amfanin da na gani a ciki shi ne mutum yana jin kalmar gafara da kunnensa, ba ya komawa gida yana wasiwasi. Amma kada ku ɗauka mun tsira. Akwai waɗanda aurensu bai daidaita a coci ba, shekaru suna zaune ba sa karɓar jibi, kuma gulmar bakin ƙofa iri ɗaya ce da taku.

Yohanna, tunda ka ambaci Luta, ka san a 1999 a garin Ogsbag na Jamus wakilan Katolika da na Lutaran sun sa hannu a takarda ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah yake karɓar mu, ba don cancantarmu ba, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. Manya sun daidaita a takarda. Saura mu a ƙauye.

Ladi, Katsina:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke manta asalinmu. Kakata a Babbar Ruga ta ji bishara, lokacin da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ke kula da masu cutar kuturta a can, aikin da suka karɓa tun shekarun 1930 zamanin Sarki Dikko. Mutane ne da danginsu ba sa cin abinci kwano ɗaya da su. A can ta koyi karatu, a can ta fara riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka gama fassarawa a 1932. Har ta rasu ba ta iya jin labarin kuturun da ke Markus 1 ba tare da ta tsayar da mai karatu ba, wurin da aka ce Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ta ce ai yana iya warkar da shi daga nesa, amma ya taɓa shi. Zuriyar irin waɗannan mutane ne yau muke ware wa wani benci can baya kusa da ƙofa. Ni bencin nan ne ba na so.

Rabaran mai ritaya, Dutsin-Ma:
'Ya'yana, na karanta duka. Dattijo abokina ne a wannan aiki, kuma gaskiyarsa ce cewa 1 Korintiyawa 5 tana nan. Amma Bulus ya sake rubuta wa ikkilisiyar nan wasiƙa. A 2 Korintiyawa 2:6-8 ya yi magana a kan wani da jama'a suka hukunta, ya ce hukuncin ya isa haka, yanzu ku gafarta masa ku ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, ku tabbatar masa da ƙaunarku. Har ya ƙara da cewa kada Shaiɗan ya ribace mu. Wato Shaiɗan yana da riba a wuri biyu: in an ƙyale zunubi, da in an ƙi yafe wa mai tuba. Mu mun ƙware a tsare ƙofa ɗaya, ɗayar kuwa a buɗe take. Matar da Maman Rifkatu ta ba da labarinta, baƙin ciki ne ya haɗiye ta, daidai abin da manzo ya ji tsoro.

Ku dubi Bitrus. Ba sabon tuba ba ne. Shekara uku yana bin Ubangiji, ya ga Musa da Iliya a kan dutse, ya ci jibi a daren da aka kama Yesu, sannan ya yi musu sau uku har da rantsuwa. A Yohanna 21 Yesu ya tashi daga matattu ya same su a bakin teku, ya riga ya hura wuta ya gasa kifi. Sai da suka ci suka ƙoshi sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Tambayar ta yi wa Bitrus zafi, Littafi ya ce ya yi baƙin ciki, don haka kada wani ya ce alheri ba ya taɓa ciwo. Amma kowace amsa aiki aka ba shi: ka yi kiwon tumakina. A gaban sauran almajirai aka yi, don kada gobe wani ya ce masa kai da ka yi musu. Ranar Fentikos kuma shi ya tashi ya yi wa'azi mutum wajen dubu uku suka tuba.

Kuma kada ku ɗauka daga nan ya zama cikakke. A Galatiyawa 2 Bulus ya tsawata masa ido da ido a Antakiya don ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, saboda tsoron mutane. Tsohuwar cutarsa ce ta dawo, tsoro. Allah bai ƙwace manzancinsa ba.

Inda zan tsaya tare da Dattijo shi ne nan: gafara daban, amana daban. Natan ya ce wa Dawuda Ubangiji ya kawar da zunubinka, amma takobi bai rabu da gidansa ba. Gafara nan take ce, kyauta ce. Riƙon muƙami kuwa yana da sharuɗɗa a 1 Timoti 3, kuma amana da ta karye a hankali take ɗoruwa. Sai dai tana ɗoruwa. Yahaya Markus ya gudu ya bar su a tsakiyar tafiyar bishara, Bulus ya ƙi sake tafiya da shi har suka rabu da Barnaba a kan haka. A ƙarshen ransa Bulus ɗin nan ne ya rubuta wa Timoti ya ce ka zo da Markus, yana da amfani a gare ni. Da Barnaba bai riƙe yaron nan ba a lokacin da Bulus ya ƙi shi, wa ya san inda zai ƙare?

A shekarun aikina na ga horo ya gyara mutane, na kuma ga ya kashe wasu. Bambancin kusan kullum abu ɗaya ne: ko akwai wanda yake zuwa gidan mutumin a cikin watannin nan, ko babu.

Baba Dattijo, Kafur:
Rabaran, ranka shi daɗe, na karɓi wannan. Amma ma'ajin da ya ci kuɗin baiko fa? Ya yi kuka a gaban ikkilisiya, mun yafe. Sai mu sake miƙa mashi makullin akwati? Zakka mai karɓar haraji da ya tuba cewa ya yi zai mayar ninki huɗu. Tuban da ba ya taɓa aljihu ni ban yarda da shi ba.

Rabaran mai ritaya, Dutsin-Ma:
Ya biya, ko da kaɗan kaɗan ne bayan girbi. Kada a ba shi makulli yanzu. Amma a ba shi jibi, a ci abinci a gidansa, a sa shi addu'a, kuma kada a hana ɗansa mata saboda laifin uban.

Malam Ishaku, Katsina:
Na gode Baba Rabaran. Akwai sauran abu ɗaya. Duk maganarmu a kan waɗanda aka kama ce. Mu da muke bencin gaba fa? Ban taɓa jin an sa wani horo don gulma ba, ko ƙyashi, ko girman kai, ko don ya danne wa ɗan ƙodago haƙƙinsa, ko don shekara biyar ba ya gaisawa da ɗan'uwansa saboda iyakar gona. Alhali a jerin ayyukan jiki na Galatiyawa 5 gaba da kishi da tsattsaguwa suna layi ɗaya da fasikanci da maita. 1 Yohanna 1:8 ba ga marasa bi aka rubuta ta ba, ga masu bi ce: in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi. Manzon ya sa kansa a ciki, "mu" ya ce.

Wannan ya shafi yadda muke wa'azi. Ina da matasa a ajina da suke tashi su fita in za a ba da jibi, ba wanda ya sa su horo, su suka sa kansu. Ka tambaye su, su ce ba su cancanta ba, sai sun gyara tukuna. Wa ya taɓa cancanta? Bulus ya ce mutum ya gwada kansa sannan ya ci, bai ce ya gwada kansa ya gudu ba. Yaran nan suna ganin Allah kamar yana jira su yi kuskure ne ya soke sunansu. Mai irin wannan tsoro ba ya daina zunubi, ɓoyewa kawai yake koya. Titus 2:11-12 ta ce alherin ne da kansa yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Wanda ya tabbata Ubansa ba zai kore shi ba shi ne yake da ƙarfin halin zuwa ya ce na yi laifi tun abin bai girma ba.

Saratu, Daura:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar samari.

Baba Dattijo, Kafur:
Saratu 'yata, ban manta ba, nauyi maganar ta yi mini. Gaskiyarki ce. Mun sha barin yaro ya sulale don ubanshi na cikin dattawa ko don ba mu son rigima da gidansu. In za a yi horo a yi wa duka biyu, in ya gudu wani gari a rubuta wa ikkilisiyar can. Zan kawo wannan a zamanmu na dattawa, da maganar Rabaran ta sa wanda zai riƙa ziyara. Amma bencin baya ban yarda a cire ba tukuna. Kunya ma magani ce.

Ladi, Katsina:
Baba, ka nuna mini ayar bencin.

Yohanna, ɗalibin makarantar Littafi:
Matiyu 18 ta ce a fara da kai da shi ku biyu, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sai in ya ƙi ji ne ake kai wa ikkilisiya. Wanda ya riga ya tuba tun a matakin farko, da wane dalili ake kai shi mataki na uku, Baba?

Baba Dattijo, Kafur:
In laifin ya riga ya fita gari, gyaran ma sai ya fita gari. 1 Timoti 5:20 ta ce a tsawata a gaban kowa don saura su ji tsoro. Ka je ka karanta ka dawo mu ci gaba.

Yohanna, ɗalibin makarantar Littafi:
Na karanta Baba. Aya ta 19 ta nuna a kan dattawa ake maganar.

Maman Rifkatu, Malumfashi:
Ku ci gaba da ayoyinku, Allah ya ba ku fahimta. Ni ranar Alhamis bayan zumunta zan koma ƙauyen nan wurin matar, da kayan zumuntata a jikina. Mata biyu sun ce za su raka ni. Baba Rabaran, in ƙafarka za ta iya, muna so ka zo ka faɗa mata da bakinka cewa ba don fushi Allah ya ɗauki yaron ba, don ni na faɗa ba ta yarda ba. Za mu tashi da wuri saboda mu dawo kafin la'asar, hanyar ba ta da kyau da yamma.